Tarin fuka a makarantar kwana: daga wa ya fito, kuma irin ƙwayar ne ke sa ya yaɗu?

Tambaya: Ni mataimakiyar shugabar wata makarantar kwana ce ta 'yan mata. Cikin zango biyu an tabbatar da tarin fuka a jikin ɗalibanmu uku. Biyu ɗakin kwanansu ɗaya, ta ukun ko aji bai haɗa su ba. Hankalin iyaye ya tashi, wasu na cewa wani sabon iri ne mai saurin yaɗuwa ya shigo, wasu na cewa ta kwanon abinci ake ɗauka. Ta yaya za mu san ko daga mutum ɗaya ya fito? Kuma mu sallami yara su tafi gida ne?

Amsa: Malama, sannunku da ƙoƙari, Allah ya ba yaran lafiya. Bari in fara kawar da maganar kwano, don ita ta fi ɓata wa mutane lokaci. Tarin fuka ba ya bin kwano ko kofi, ba ya bin musafaha, ba ya bin bargo. Ko kun zubar da kwanukan makarantar kaf kun sayo sababbi, ba ku taɓa cutar ba. Hanyar da take shiga ta baki ita ce nonon saniya mai cutar idan ba a tafasa ba, wannan kuwa ƙwayar shanu ce, kuma ta fi fitowa a kaluluwar wuya ko a ciki. Wanda ke kama ɗalibai ɗaya bayan ɗaya a makaranta iska ce ke kawo shi.

Idan mai cutar a huhu ya yi tari, ko atishawa, ko ya ɗaga murya yana karatu, feshi na fita daga bakinsa. Manyan ɗigon ƙasa suke faɗawa nan take. Ƙananan ne ruwansu ke bushewa tun suna sama, su koma wani ɗan abu da ido ba ya gani, ɗauke da ƙwayar cutar, ya yi ta shawagi a ɗaki har tsawon sa'o'i. Ki tuna hayakin maganin sauro a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga: wanda ke can ƙurya ma sai ya shaƙa, ko bai je kusa da inda aka kunna ba, amma a tsakar gida da ƙyar ake jin warinsa. A ƙarshen shekarun 1950, a wani asibiti a Baltimore ta Amurka, Richard Riley da abokan aikinsa suka ja iskar ɗakin masu tarin fuka ta bututu zuwa saman ginin, inda suka ajiye ɓerayen masar a keji. Ba abin da ya haɗa dabbobin da majinyatan sai iskar nan, amma suka kamu. Sai kuma aka ga wani abu da ya shafi tambayarki kai tsaye: majinyata 'yan kaɗan ne suka jawo yawancin kamuwar, musamman wani da cutar ta kama masa maƙogwaro, alhali waɗanda aka ɗora a kan maganin da ke aiki da wuya su harbi ko ɗaya. Ba kowane mai tarin fuka ke yaɗa shi daidai da ɗan uwansa ba. A makaranta, galibi mutum ɗaya ne da ya daɗe yana tari ba a gano shi ba.

Shekarun 'yan matanki ma suna cikin lissafi. Ƙaramin yaro idan ya kamu, ƙwayar da ke huhunsa ba ta da yawa, tarinsa ba shi da ƙarfi, majinar ma haɗiye ta yake yi. Shi ya sa idan aka ga cutar a firamare, babba ake nema: malami, mai dafa abinci, direba, ko wani a gida. Daga shekara 5 zuwa 10 ne cutar ta fi ƙarancin tashi a jikin yara. Da an shiga balaga sai labari ya canza, cutar ta koma irin ta manya, ta ci rami a saman huhu, ramin kuma ya cika da ƙwaya. Matashiya mai irin wannan ramin tana iya zuwa aji, ta yi shara, ta rubuta jarrabawa, tana tari ana cewa mura ce. Ba a rasa togiya: a 1998, a jihar North Dakota ta Amurka, wani yaro ɗan shekara 9 mai rami a huhu ya harbi mutum 56 cikin 276 da aka gwada, mafi yawan kaso a cikin 'yan ajinsu, sai kuma waɗanda suke shiga motar makaranta tare. Amma irinsa ba su da yawa. Sakandare da jami'a su ne filin wannan cuta.

Misalin da nake son ki riƙe shi ne na makarantar Crown Hills a birnin Leicester na Ingila, a 2001. Wani ɗalibi ya shafe kusan wata tara yana tari, ana ɗaukar abin asma ce. Kafin a gane gaskiya ya gama zagaya azuzuwa. Da aka gwada ɗalibai sama da 1,100, aka samu fiye da 60 cutar ta tashi a jikinsu, kusan 250 kuma suna ɗauke da ƙwayar a kwance. A ƙasar da ke da likitoci da na'urori ke nan. Masu binciken da suka biyo baya sai suka ɗauko jadawalin darussan makarantar, suka lissafa sa'o'in da kowane ɗalibi ya zauna ɗaki ɗaya da wancan yaro. Gwajin jini ya bi lissafin sau da ƙafa: 'yan ajinsu ne kan gaba wajen kamuwa, sai waɗanda wasu darussa kawai suka haɗa su, sai waɗanda hanya kaɗai ke haɗa su. An yi nazari mai zurfi a kan irin ƙwayar da ta yi wannan ɓarna, har aka sa mata suna da haruffan farko na sunan makarantar, aka kuma gano tana da dabarar kwantar da garkuwar jiki. Duk da haka, a ganina, wata taran nan ne suka yi aikin. Da an karɓi majinar yaron a mako na uku, da ba mu ji sunan irin ba.

Sai maganar lokaci, wadda take rikita iyaye da malamai. Ƙwayar tarin fuka ba ta gaggawa, takan ɗauki sa'a 15 zuwa 20 kafin ta rabu gida biyu, alhali wasu ƙwayoyin cuta minti 20 ya ishe su. Wanda ya shaƙe ta yau ba zai kwanta gobe ba. Yawancin mutane jikinsu na killace ta, ta kwanta, ba tari, ba yaɗawa. Cikin mutum 100 masu ɗauke da ita a haka, 5 zuwa 10 ne za ta tashi a jikinsu a tsawon rayuwa, kuma haɗarin ya fi yawa a shekaru biyun farko. Cutar HIV, rashin abinci mai gina jiki da ciwon suga suna ɗaga wannan adadi sosai. Ma'anar wannan a wajenku ita ce, yarinyar da aka fara ganowa ba lallai ita ta kawo cutar ba, wataƙila ita ce dai aka fara kai wa asibiti. Mai yiwuwa wadda ta harbe su ta gama makaranta bara. Mai yiwuwa ma ba ɗaliba ba ce, tana kicin ko ɗakin malamai har yanzu. Kuma akwai yiwuwar da ba a cika kawowa ba: Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu wannan cuta, ana ƙiyasta kusan mutum rabin miliyan ke kamuwa duk shekara. A irin wannan ƙasa, 'yan mata uku na iya ɗauko ƙwayar daga gidaje uku daban-daban, wata daga kakanta, wata daga maƙwabci, cutar ta tashi musu a makaranta a lokaci kusan ɗaya.

A nan ne sanin irin ƙwayar ke da amfani. Ƙwayar tarin fukan ɗan Adam ta kasu dangi-dangi, kowane dangi da yankin da ya fi yawa. Akwai dangin gabashin Asiya, wanda reshensa da ake kira Beijing ya yi suna. Akwai na Indiya da gabashin Afirka, wanda na Leicester ya fito daga cikinsa. Akwai na Turai da Amurka, wanda ya fi kowanne bazuwa a duniya. Akwai ɗaya da kusan a Habasha kaɗai ake samunsa. Mu a Afirka ta Yamma muna da namu biyu da ake haɗawa a kira africanum. Amma wanda bincike ya fi cin karo da shi a Najeriya, da Kamaru, da Chadi, da Ghana, wani reshe ne na dangin Turai da Amurka da ake kira dangin Kamaru. Babu ɗaya cikinsu da yake sabo, sun daɗe tare da mutane ƙarni bayan ƙarni.

Yadda ake gane ko ƙwayar Binta ita ce ta Ladidi, a misali, shi ne a shuka majinar kowacce a ɗakin gwaji, a jira makonni ƙwayar ta tsiro, sannan a karanta rubutun halittarta. Rubutun nan haruffa ne kusan miliyan 4.4, kuma ba ya saurin canzawa, kusan harafi ɗaya ne ke sauyawa duk shekara biyu. Don haka idan ƙwayoyin mutum biyu sun bambanta da harafi biyar ko ƙasa da haka, ana ɗauka kwanan nan ɗaya ya ba ɗaya, ko kuma wani na uku ya ba su duka. Idan bambancin ya wuce 12, da wuya a ce alaƙar ta kusa ce. Tsofaffin gwaje-gwajen da suka zo kafin wannan wani yanki kawai suke dubawa. Suna da kyau wajen raba gardama idan ƙwayoyin sun sha bamban, amma idan suka ce iri ɗaya ne, a wajenmu wannan ba hujja ba ce mai ƙarfi, tunda dangin Kamaru ya cika gari, mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba suna iya ɗauke da shi. Ko cikakken karatun ma ba ya faɗin wa ya harbi wa, sai an haɗa da tarihin wa ta fara tari da kuma inda suke zama. Wannan gwaji ba ya cikin aikin yau da kullum na asibitocinmu, na manyan ɗakunan gwaji ne da masu bincike. Kada ku jira shi. Ko daga mutum ɗaya ya fito ko daga uku, matakin da za ku ɗauka gobe da safe ɗaya ne.

To, shin wani iri ya fi wani saurin yaɗuwa? Akwai ƙamshin gaskiya. An sha danganta reshen Beijing da saurin bazuwa da kuma bijire wa magani a wasu ƙasashe. A Gambiya kuma, da aka bi mutanen gidajen masu cutar, an ga africanum yana harbin mutane daidai da sauran, amma ya fi jinkirin tashi ya zama ciwo. Sai dai wannan bambanci ƙarami ne idan aka ajiye shi kusa da bambancin ɗaki mai iska da marar iska, ko tarin mako biyu da na wata shida. Tambayar da ta dace ki yi game da irin ƙwayar guda ce: tana jin magani ko ba ta ji? Wannan kuwa ba sai an je nesa ba. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana duba majina cikin kamar sa'a biyu, ta faɗi ko akwai ƙwayar, ta kuma faɗi ko ta bijire wa rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan cutar biyu. Ki nemi likitan da ke duba su ya tabbatar an yi wa duka ukun wannan gwajin. Idan duka suka nuna bijirewa, alama ce babba cewa tushe ɗaya ne, kuma maganinsu da na waɗanda suka zauna da su zai canza. Kada kuma a zargi yarinya da wasa da magani don an sami mai bijirewa a jikinta. Da yawa haka suka shaƙe ta, ba su taɓa shan ƙwaya ɗaya ba.

Yanzu ki zo mu shiga ɗakin kwanan 'yan matan nan biyu, amma ba da rana ba, lokacin da aka share aka buɗe ko'ina don mai duba tsafta. Ki shiga da asuba kafin a tashe su. Gadaje masu hawa biyu a jere, tsakanin gado da gado da ƙyar mutum ke wucewa. Tagar da gilashinta ya fashe an toshe ta da kwali. Wata an rataye tawul da hijabai a kai, wata an jingina akwatuna. Da hunturu an rufe sauran saboda sanyi da ƙura, da damina saboda sauro, ƙofa kuma a kulle take saboda tsaro. Idan kika ji iskar ta yi nauyi, kin sami amsarki. Yarinya na yin sa'a takwas a nan kowane dare, ya fi duk wani darasi tsawo. Fanka ba ta fitar da komai idan ba taga a buɗe, juya iskar kawai take yi.

Masana na auna wannan da iskar kabon da numfashi ke fitarwa. A waje awonta kusan kashi 400 ne cikin miliyan, duk abin da ya hau kan haka a ɗaki numfashin wasu ne ake sake shaƙa. A Cape Town ta Afirka ta Kudu an rataya wa 'yan sakandare ƙananan na'urorin awo, aka ga fiye da rabin lokacinsu a azuzuwan da awon ya wuce 1,000 suke yi. Wani lissafi da aka yi a wata unguwa a can ya nuna kusan rabin kamuwar matasa 'yan shekara 15 zuwa 19 a makaranta take faruwa. A wata jami'a a Taiwan kuwa, mutum 27 suka kamu a ginin da awon wasu ɗakunansa ya haura 3,000. Da aka gyara shigar iska awon ya sauko kusan 600, sai yaɗuwar ta tsaya. Kuma ba sai da tsada ba: a asibitocin Lima ta Peru an auna an ga buɗe tagogi da ƙofofi kawai ya fi na'urorin jan iska sabunta iskar ɗaki, tsofaffin gine-gine masu dogon rufi da manyan tagogi su ne suka fi. Raga a taga da gidan sauro sun fi kwali araha idan aka yi lissafin abin da kwalin ke jawowa. Haka batun yake a zauren tsangaya da ake kwana a cunkushe.

Ita kuma ta ukun da kika ce aji bai haɗa su ba, ki bincika abin da ya haɗa su. Ɗakin karatun dare, masallaci, ajin hadda, ɗakin da ake kitso ranar Asabar, motar da ke kai su gida. Kar ki manta da ɗakin shan magani na makaranta: na sha ganin ɗan ƙaramin ɗaki mai taga ɗaya, an kwantar da mai zazzaɓin cizon sauro kusa da mai tarin da ba a san kansa ba.

Game da sallamar yara, ban ba da wannan shawara ba. Wadda ta riga ta shaƙa ta shaƙa, tura ta gida ba zai fitar da ƙwayar ba, sai dai ya watsa su garuruwa inda ba mai bibiyarsu, wadda ke tari a ɓoye kuma ta kai wa ƙannenta. Abin yi shi ne ku sanar da jami'in tarin fuka da kuturta na ƙaramar hukumarku, ko ku kira 3340, layin kyauta na shirin yaƙi da cutar na ƙasa. Gwajin majina da magani kyauta ne a cibiyoyin shirin. Su za su zo su tantance, su fara da 'yan ɗakin kwana da 'yan aji, su faɗaɗa idan sun ga kamuwar ta yi yawa. A tambayi kowa, har malamai, masu dafa abinci, masu gadi da uwar ɗakin kwana: tari na mako biyu, zazzaɓin yamma, zufar dare, rama, rashin cin abinci. Mai ɗaya daga ciki ta ba da majina, a ɗauki hoton ƙirji idan da hali, a yi gwajin HIV cikin sirri. Idan an yi gwajin fata ko na jini ya nuna babu, a tuna jiki na ɗaukar har mako takwas kafin ya nuna alama, don haka akan maimaita. Tabon allurar rigakafin BCG da ke hannun yarinya kada ya kwantar wa kowa da hankali. Allurar tana kare jarirai daga mugun nau'in da ke kama ƙwaƙwalwa ko ya bazu a jiki, amma kariyarta ga huhun matashi ba abin dogaro ba ce.

Waɗanda suka zauna da masu cutar, aka tabbatar ba ta tashi a jikinsu ba, akwai maganin rigakafi da jami'an za su duba wa ya dace a ba. Akwai na wata shida kullum, akwai na wata uku, har da wanda ake sha sau ɗaya a mako har sau 12. Kuma tunda cutar na iya ɗaukar shekara biyu kafin ta fito, a riƙa tambayar tari a farkon kowane zango, a daina bari yarinya ta sha maganin tarin kemis kwalba bayan kwalba.

Su kuma ukun, ba korarsu za a yi ba. Maganin wanda ba ya bijirewa wata shida ne, wata biyu ana shan magunguna huɗu, wata huɗu ana shan biyu. Bayan kamar mako biyu a kan maganin da ke aiki, haɗarin yaɗawa na raguwa ƙwarai. Tun ƙarshen shekarun 1950 aka gani a Madras ta Indiya cewa iyalan waɗanda aka yi wa magani a gida ba su fi iyalan waɗanda aka killace a asibiti kamuwa ba. Su huta a gida a makonnin farko, a ɗaki mai iska da rana, su sa takunkumi idan za su shiga mutane, likita ya faɗi ranar dawowa. Kada a kira sunansu a taron safe, don duk wadda ta ga an yi wa wata haka ɓoye tarinta za ta yi. Idan sun dawo, a sami malama ɗaya da za ta riƙa ganin sun haɗiye maganin kullum, a kuma gaya musu tun wuri cewa rifampicin zai mayar da fitsari da hawaye ja-ja, ba jini ba ne. Idan ido ya yi ɗorawa ko amai ya ƙi tsayawa, a koma asibiti ranar. Wurin da magani ya fi yankewa shi ne hutu, lokacin da yarinya ta ji sauƙi, ta yi ƙiba, ta tafi garinsu. Kafin a tashi hutu, ku karɓo mata takardar tura majinyaci zuwa cibiyar da ta fi kusa da gidansu, da maganin da zai kai ta ranar da za ta je can, ku kuma riƙe lambar wayar mahaifiyarta ko wanda zai tsaya mata.